Ƙarƙashin Kafet ɗin Inna

Duk wadda ta aurar da 'ya tsakanin Ƙanƙara da Faskari a 'yan shekarun nan, in dai tana son a ci gaba da zancen ɗakin bayan an watse daga biki, to ta san Suwaibatu mai jere. Doguwar mace ce mara yawan magana, tana da wata tsayuwa a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, wadda ke sa dangin amarya su yi tsit. Ba ta yarda a kwararo kaya cikin ɗaki lokaci guda. Takan ce ɗaki ma sutura ake yi masa, yadda mace ke farawa da zanen ciki kafin ta kai ga mayafi. Ƙasa tukuna, babban kafet, sannan ƙarami a kansa a ɗan karkace. Sai taga, labule mai shara-shara a ciki, mai kauri a bayansa. Sai gado, manyan filo a baya, ƙanana a gaba, bargo a ninke wajen ƙafa. Gwaggwannin amarya kan yi ta tsaki a bayanta, su ce wannan sai ka ce ginin masallaci ake yi, amma da an gama su ne ke fara zaro waya suna ɗaukar hoto.

To wannan matar, da ta gyara ɗakunan 'ya'yan mutane ba adadi, ita ce ta kasa gyara wa mahaifiyarta ɗaki guda.

Inna Nana ta zo Ƙanƙara ne da kaka, shekarar da mutanen ƙauyensu, can bayan Sabuwa, suka gaji da gudun 'yan bindiga suka watse. Almu, ƙanen Suwaibatu, shi ya ɗauko ta. Ya sake komawa da rana tsaka da motar a-kori-kura, ya kwaso abin da idonsa ya gani a gurguje: gadon ƙarfe, jan kafet, labule, buhun kwanuka da buzun marigayi babansu. Shi ɗaki ɗaya yake haya a Faskari da mata da 'ya'ya huɗu, don haka Malam Mas'udu, mijin Suwaibatu, ya ce a kawo tsohuwa gidansa, kunyar suruki ta jira sai an samu zaman lafiya. Tun kafin tashin, tsufa ya fara taɓa kan Inna, takan zuba gishiri sau biyu a miya, takan nemi carbin da ke hannunta. Tashin nan shi ya ƙarasa abin da ya rage.

Suwaibatu ta ba ta ɗakin da ya fi kowanne a gidan, mai tayil da fanka. Ta shimfiɗa jan kafet ɗin, ta kafa gadon, ta rataya labulen, komai inda ta tuna yake. Inna ta shigo da sallama, ta nemi gefen kafet can wajen ƙofa ta zauna, mayafi a kanta, ƙunshin kayanta a cinya. Haka ta yi wata biyu. Baƙuwa ce a gidan mutane, kuma baƙuwa mai mutunci ba ta hawa gadon masu gida, ba ta cire mayafi, ba ta wuce loma uku. Tana ta ramewa ana kallo. Da la'asar ta yi kuwa sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "To, ni zan tahi gida. A gaida mai gidan."

Sau biyu tana ficewa ba a gani ba. Na farko wani mai rake ya dawo da ita daga hanyar Ƙetare. Na biyu sai da aka kai bakin tasha. Gidan da take nufa babu kowa a cikinsa sai ciyawa, hanyar zuwa can kuma ba hanya ba ce da tsohuwa za ta bi ta dawo. An gwada kulle ƙofar gida, sai Inna ta tsaya a zaure ta dafa ƙyauren tana hawaye ba sauti, har magariba. Suwaibatu ta ce ita ba za ta iya ganin wannan ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Suwaibatu 'yar fari ce, Inna kuwa mutuniyar dā ce, wadda ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ba. Ana yaye ta aka kai ta wajen kakarta a Mabai, can ta girma, can aka aurar da ita. In ta je gaisuwa sai ta durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta amsa tana kallon bango, in kiran ya zama dole ta ce "ke", in zancenta ya taso a cikin mutane ta ce "waccan". Suwaibatu ta san kunya ce ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Amma takan ga yadda Inna ke jan kunnen Almu tana dariya, sai ta wuni abin yana ranta.

Wata Talata da hantsi ta kawo kunu ta durƙusa, kanta a ƙasa yadda ta saba. Sai ta ji an kama haɓarta an ɗago. Inna ce, tana kallon ta sosai, tana murmushi.

"Ke kau kina da kirki, ɗiyar nan. Kullum ke ke kawo mani abinci. Mi sunanki?"

"Suwaibatu, Inna."

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Wannan suna ba ni hwaɗin shi. Na ɗiyata ne, ta hwari." Ta waiga dama, ta waiga hagu, ba kowa. "Amma ke ai ba ita ba ce." Sannan a hankali, kamar mai lasar zuma a ɓoye, ta ce, "Suwaibatu."

Shekararta arba'in da ɗaya a duniya, ranar ta fara jin sunanta a wannan bakin. Ta tashi ta shiga madafa, ta tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki, ta yi kuka mai isarta. Da za ka tambaye ta na daɗi ne ko na baƙin ciki, ba za ta iya gaya maka ba.

Tunda baƙuwa ta sake da matar gida, sai hira ta buɗe. Rannan Suwaibatu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, wannan ba kafet ɗinki ba ne? Ga gadonki can, ga labulenki."

Inna ta miƙe, ta dafa bango, ta danna tafin ƙafarta a kan kafet ɗin, ta sake dannawa, tana saurare kamar mai gwada kankana.

"Ya yi kama da nawa," ta ce. "Amma nawa yana da ƙarƙashi. In ka taka shi sai shi amsa maka. Wannan an shimhiɗa shi bisa ba komi."

Kunya ta kama Suwaibatu har cikin ƙashi. Ita da ke tsare gwaggwannin mutane da wa'azin a fara daga ƙasa, ashe mayafi kawai ta yafa wa ɗakin mahaifiyarta, babu zane a ciki. Abin da ake hangowa daga bakin ƙofa ta jera, don iyakar saninta da ɗakin ke nan. Ta kira Almu a waya ta tambaye shi abin da ya gani da ya naɗe kafet ɗin.

"Yo ni ina na sani, Yaya? Wasu tsofaffin ledoji ne duk sun mammanne, na baro su can. Ta rai nike, ba ta tsumma ba."

Ta koma wajen Inna ta tambaye ta me ke ƙarƙashin nata. Tsohuwar ta yi ta lalube a cikin kanta, abin jiya ya yi mata nisa, na shekara arba'in ne a kusa. Daga ƙarshe kalma ɗaya ta samo, ta can ƙasa duka. Ta ce daɓe.

A bayan gidan akwai wani tsohon ɗakin ƙasa da ake ajiye buhunan masara. Da Suwaibatu ta faɗi abin da take so, Malam Mas'udu ya daɗe yana kallon ta.

"Mutane na hita daga ƙasa su hau tayil, ke za ki hidda tsohuwa daga tayil ki kai ta ƙasa. In 'yan Faskari suka ji sai su ce mun sa Inna a rumbu."

Ya faɗi haka, amma shi ya kwashe buhunan da kansa kafin azahar.

Suwaibatu ba ta taɓa yin daɓe ba, ta dai gani tana yarinya. Ta aika Mabai aka zo mata da tsofaffi biyu da har yanzu suna da madaɓansu. Aka zuba tsakuwa da jar ƙasa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi baƙi-baƙi, aka shiga bugu ana yayyafawa. Wani ƙamshi mai ɗan ɗaci ya tashi ya cika gidan, irin wanda yaran yanzu ba su san shi ba. A rana ta biyu sai ga Inna ta biyo sautin, ta tsaya tana kallo, ta girgiza kai, ta karɓe madaɓi daga hannun ɗayar ta nuna mata yadda ake bi daga lungu a fito. Da ƙasan ya bushe sai ya yi duhu-duhu yana ɗaukar ido. Aka shafe bango da jar ƙasa daga ƙasa zuwa ƙugu, farar ƙasa daga nan zuwa sama. Ranar kasuwar 'Yankara aka sayo tabarmar kaba sabuwa fil, aka shimfiɗa ta ita kaɗai a ɗakin.

Inna ta shiga, ta wuce bakin ƙofa, ta je tsakiyar tabarmar ta zauna. Mayafin ya zamo daga kanta zuwa kafaɗa ba ta gyara ba. Hasken hantsi yana shigowa ta 'yar tagar yana kwanciya a kan daɓen.

"Yi magana a hankali," ta ce wa Suwaibatu. "Uwar mijina na nan tsakar gida. Kwana na shidda ke nan da kawo ni."

Ranar la'asar ta zo ta wuce Inna tana ba da labarin yadda aka rako ta a ƙafa cikin damina, aka tsallaka da ita rafi a goye, da yadda angon ya shigo ya kasa cewa komai sai tambayar ta ko ana samun gero a garinsu. Ta yi ta dariya, muryarta ta koma siririya ta yarinya. Sai can ta dubi gefen bango ta ce, "Babana ya ce in an sai da auduga za a kawo mani gado."

Nan Suwaibatu ta gane yadda aikin zai tafi. Inna ba ta iya faɗin abin da ke gaba sai tana tsaye a kan abin da ke baya. Don haka aka bi ta a sannu. Bayan kwana uku aka shigo da gadon ƙarfe. Almu ya samo wani dattijo a Faskari da har yanzu yake cusa katifar rimi, aka ɗora, aka rufe da gwado, aka rufe gwadon da zanen gado. Aka kafa katako a bango aka buɗe buhun kwanuka. Suwaibatu ta fara jera su, manya a ƙasa, ƙanana a sama, sai ta ji an doke mata hannu.

"Ke ba ki iya jere ba, Suwaibatu. Kauce ki gani."

Ta kauce. Mai jeren da ake ɗauka da mota daga Ƙanƙara har Sabuwa ta zauna a ƙasa tana miƙa kwano ɗaya bayan ɗaya, ana yi mata faɗa, tana jin daɗin da ba ta taɓa ji a wajen wani aiki ba.

Sai aka zo kan leda. Inna ta ce mai koren ganye ce, Malam, marigayi mijinta, ya sayo ta shekarar da ta yi haihuwar fari. An sha yawo kafin a samu mai kama da ita, a can ƙuryar wani shago, ƙura ta rufe ta. Aka shimfiɗa ta a kan tabarmar, ba a ɗaga tabarmar ba. Inna ta taka, kabar ta yi ƙara a ƙarƙashi, ta ce ledar ta ɗan sake launi amma ba komai. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta yafito Suwaibatu da hannu.

"Zo ki ji, amma kar ki hwaɗa ma kowa. In an watse an tahi gona, sai in sakaya ƙohwa, in kwantar da ɗiyata nan, in yi ta kallon ta har a dawo. Yatsunta dogaye, irin naki. In ta yi barci bakinta shi riƙa motsi. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin ta ba."

Suwaibatu ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen ledar.

"Ranar da aka yaye ta aka kai ta Mabai ban yi kuka ba. Ina, gaban mutane? Na shigo na ɗaga ledar nan, na sa 'yar rigarta ƙarƙashi, nan wajen ƙahwar gado. Duk sahiya in na sauko ita nike hwara takawa." Ta kai ƙafa wajen tana lalube, fuskarta ta canza. "Ina take?"

Suwaibatu ta ce bari ta duba. Ta je ta yanko ƙyalle daga wani tsohon zanenta, ta ninke shi huɗu, ta cusa a ƙarƙashin ledar. Inna ta taka ɗan tudun, ta yi ajiyar zuciya, ta ce yauwa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Suwaibatu, ita ma ta san haka tun tana cikinsu. A kwano ɗaya suke cin tuwo, Inna tana tura mata nama gabanta. Da rana su kwanta a kan ledar, ɗakin da sanyinsa, kurciya tana kuka a kan katanga, tsohuwar tana zuba labari, rabi na gaske rabi na mafarki, sunan nan kuma yana faɗowa daga bakinta sau ashirin a wuni. Suwaibatu, miƙo mani ruwa. Suwaibatu, kin ji ko kin yi barci. Wasu mutanen Ƙetare suka zo neman ta jeren amarya, ta ce su nemi wata. Kumatun Inna suka fara cikowa. Amma har yanzu ba ta hau gadon ba, ba ta kuma kwance ƙunshinta ba, kuma wasu ranakun da la'asar takan miƙe ta ce ɗakin ya yi kama da nata ƙwarai, sai dai da saura.

Aka sa leda ta biyu a kan ta farko, shuɗiya mai gida-gida, ta shekarar da aka haifi Almu. Ranar Inna ta wuni tana mitar wani yaro mai ƙiriniya da ya cinye mata ƙuli-ƙuli. Bayan kwana biyu ta tambayi buzun Malam. Suwaibatu ta ɗauko ta shimfiɗa shi gefen gado, inda take jin babanta yakan zauna. Inna ta daɗe tana kallon buzun. Sai ta durƙusa ta naɗe shi da kanta, ta ɗaure da igiya, ta rataye shi a ƙusa. Ta zauna a ƙarƙashinsa ta rufe fuska da tafin hannu. Malam ya shekara tara a ƙasa, amma da hantsin nan ya sake rasuwa, kuma Suwaibatu ce ta kawo saƙon da hannunta.

Tana rarrashin ta ne abin ya faɗo mata. Kowace shimfiɗa da ta ɗora tana jawo Inna gaba da shekaru. Amarya ta zama mai jego, mai jego ta zama uwar Almu, ga shi yau ta zama mai takaba. Abu ɗaya ya rage, jan kafet, wanda ita Suwaibatu ta saya shekara shida da suka wuce, lokacin da sana'arta ta fara kankama, ta ba Almu ya kai don ita ba za ta iya miƙawa hannu da hannu ba. Innar da ke zaune a kan wannan kafet ta san 'yarta ta girma, tana aure a Ƙanƙara, ta kuma san kamanninta.

Da yamma ta naɗe kafet ɗin ta tura shi can bayan sif a ɗakinta.

"Da saura abu guda," Inna ta ce washegari. "Ja ne, mai laushi."

"Ana nema, Inna."

Kwana tara tana faɗin haka. Son kai ne, babu wani suna da za a ba shi, kuma ta sani. Ni dai ban ga laifinta sosai ba. Mace ta shekara arba'in tana leƙen abu daga bakin ƙofa, an buɗe mata an ce shigo, sannan a ce ita ce za ta tashi ta rufe da kanta. Takan ce wa ranta gobe, in goben ta zo Inna ta kira sunan da safe, sai ta ƙara kwana ɗaya.

A rana ta goma Inna ta ce kan Suwaibatu ya tsufa, ta zo ta yi mata kitso. Ta kwantar da kanta a cinyar tsohuwar bayan azahar, yatsun nan masu sanyi suna bin gashinta a hankali, ana ɗan yi mata waƙar raino ƙasa-ƙasa. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba. Da ta farka kanta a kan filo yake, an gyara mata shi da kyau, rana ta karkata, babu Inna, babu ƙunshi, ƙofar gida a buɗe.

Ta zura hijabi a kan rabin kitso ta fita da gudu, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. A tasha ta same ta, har ta shiga motar Sabuwa ta zauna a baya, ƙunshi a cinya, direba yana jiran mutum biyu ya tashi. Suwaibatu ta riƙe ƙofar motar tana haki.

"Kin yi mani kirki, Suwaibatu, Allah shi saka maki," Inna ta ce. "Amma na tuna inda shike. Ɗiyata ta aiko mani da shi, na baro shi can ba kowa. Ko godiya ban yi mata ba, kin san ba a yi. In ta zo gaishe ni ta ga ba ya ƙasa, sai ta ce ban so ba."

Mutanen motar suna kallon su. Suwaibatu ta share fuska da gefen hijabi.

"An samo shi, Inna. Yana gida. Sauko mu tahi."

Da safe ta ce a ƙarasa kitson tukuna. Suka zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida, ita a ƙasa, Inna a kan kujera 'yar tsuguno. Sauran layi biyar ne, ba aikin da zai kai hantsi ba. Suwaibatu ta riƙa sunkuyar da kai da gangan.

"Suwaibatu, ɗago kanki."

Ta ɗago. Jim kaɗan ta sake sunkuyarwa.

"Suwaibatu, wai mi ke damun wuyan nan naki yau?"

Haka ta yi ta yi har aka kama layin ƙarshe, Inna ta shafa kan ta ce ya yi kyau, kamar na amarya. Suwaibatu ta kawo mata kunu ta bar ta a inuwa. Ta jawo kafet ɗin daga bayan sif, ta kakkaɓe shi, ta kai shi ɗakin ƙasa. Ta shimfiɗa shi a kan shuɗiyar leda, ta bi gefe-gefe da tafin hannu tana lallashe shi har ya kwanta, yadda take yi wa 'ya'yan mutane. Ta rataya labulen. Sannan ta fito ta ce Inna ta zo ta gani.

Inna ta cire takalmi ta taka. Kafet ya nutsa, ledoji suka motsa, kabar ta amsa daga can ƙasa. Ta ƙara taku biyu. Ta zare mayafin ta rataye a jikin gado, ta kwance ƙunshin, ta sa carbi da 'yar kwalbar man zafi a ƙarƙashin filo ba tare da ta duba ba. Ta dafa katifar ta hau, ta miƙe ƙafafu, ta sauke wani dogon numfashi irin na wanda ya dawo daga tafiya mai nisa. Sai ta juyo wajen ƙofa.

Suwaibatu tana tsaye a nan, labule a hannunta. Idonsu ya haɗu na ɗan lokaci kaɗan. Ta ga sanda Inna ta gane ta. Tsohuwar ta kawar da kai da sauri, ta juya wajen bango, ta jawo gefen zane ta rufe baki.

"Ke," ta ce wa bangon. "An zo lahiya? Ya mai gidan?"

Suwaibatu ta durƙusa a bakin ƙofa. "Lahiya lau, Inna."

"To madalla. A je a kama aiki, a bar tsaya mani bakin ƙohwa."

Ta saki labulen ta koma tsakar gida. Ta ɗauki waya ta kira Almu ta gaya masa Inna ta hau gado, ya yi ta hamdala yana cewa ai dama ya san in ba ita ba babu mai iyawa. Ta ce haka ne, ta kashe wayar, ta zauna a gindin dalbejiya tana shafa sabon kitson. Ta yi murna, murna ta gaske, kuma zuciyarta ta yi nauyi har ta kasa tashi ta ɗora girkin rana.

Inna ba ta warke ba. Ta ci gaba da manta ranaku, ta ci gaba da neman carbin da ke hannunta. Amma daga ranar ba ta sake nufar ƙofar gida da la'asar ba, ba ta kuma sake faɗin sunan ba.